Yadda Ake Sarrafa Haske Wajen Ɗaukar Ƙaramin Fim

A da, mutanen karkara ba sa ganin fim sai majigi ya zo gari. Dattawa ba su manta da Baban Larai ba. A shekarar 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan sana'ar fim ɗin Hausa ta kankama. Yau kuwa ko a Gagarawa Tasha, saurayi mai wayar hannu yana ɗaukar biki ko wasan kwaikwayon 'yan makaranta.

Sai dai sau da yawa in an zo kallo, sai a ga fuskar ango ta yi baƙi ƙirin, rigarsa kawai ke walƙiya. An biya kuɗi, biki kuwa ba a maimaita shi. Sai a ce wayar ce ba ta da kyau. Galibi ba laifin waya ba ne, haske ne ba a iya sarrafawa ba.

Sarrafa haske ilmi ne da ake koyarwa. A Jos akwai makarantar koyon aikin fim ta ƙasa, wadda aka buɗe a 1995 a ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Hukumar ce ke shirya bikin fina-finai na Zuma a Abuja, inda ake ba fim ɗin ɗalibai da ya yi zarra kyauta. A Amurka ma ƙungiyar masu ɗaukar hoton fim, wadda aka kafa a 1919, tana karrama ɗaliban da suka gwanance.

Cikin abin da ɗalibi ke fara koya akwai haske uku. Na farko shi ne babban haske, wanda ake sa wa a gaban mutum, a ɗan karkace gefe guda. Na biyu ƙarami ne, yana ɗaya gefen don rage inuwa. Na uku yana baya, don ya raba mutum da bango.

Wanda ba shi da fitilu uku kada ya damu. Rana ita ce babban haskensa, kuma kyauta ce. Amma kada a yi ɗauka da tsakar rana. A lokacin rana tana bisa kai, idanu sukan faɗa cikin inuwa, mutum ya yi ta yamutsa fuska. Da sassafe ko bayan la'asar ya fi, domin haske yana zuwa ta gefe, da taushi. Idan ya zama dole da rana tsaka, kamar a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, sai a nemi inuwar rumfa ko ta darbejiya. A kula kada dabbare-dabbaren hasken da ke ratso ganye su sauka a fuska. Hazon hunturu, da kowa ke kuka da shi, shi ma yana tausasa hasken rana.

Haske na biyu kuwa, farin kwali ko farin zane ya isa. Yaro ya riƙe shi a gefen da ke da inuwa, ya yi ta juya shi har hasken rana ya komo kan fuska.

To, me ya baƙanta fuskar ango? Waya tana auna haske da kanta. In ta ga farar babbar riga, ko sararin sama a bayan mutum, sai ta rage haske, fuska ta duhunta. Maganinsa, mai ɗauka ya taɓa fuskar a gilashin wayar kafin ya fara, wayar za ta auna haske daga nan. A cikin ɗaki kuma kada a zaunar da mutum ya ba ƙofa baya. Ya fuskanci ƙofa ko taga, mai ɗauka ya tsaya a gefenta.

Da dare, fitilar caji ko ta sola tana aiki. Kada a dalla ta kai tsaye a ido. A haska farin bango, ko a rataya farin ƙyalle a gabanta. Kada a haɗa farin ƙwai da mai ruwan ɗorawa, launin fata zai rikice. In da janareta za a yi, a kai shi nesa da doguwar igiyar wuta, don kada ƙararsa ta danne magana.