Matmata: Garin da Gidajensa Ke Ƙarƙashin Ƙasa

[Taken shiri]

 Yau za mu leƙa kudancin Tunisiya, garin Matmata, mai nisan kimanin kilomita 40 daga birnin Gabes. Baƙo kan iso tsohon garin ya yi ta waige-waige yana neman gidaje, alhali a kansu yake tsaye.

Mutanen nan, Barbar 'yan asalin yankin, haƙa gida suke yi. Sai a nemi tudu mai ƙasar da ke saruwa amma ba ta saurin zaizayewa, a haƙa ƙaton rami zagayayye, zurfinsa mita 5 zuwa 10. Gindin ramin shi ne tsakar gida, nan ake girki, nan ake shanya, nan yara ke wasa. Sannan a rarake bangon a fitar da ɗakuna, a shafe su da farar ƙasa. Na sama su ne rumbuna, a wasu gidajen da igiya ake hawa. Shiga kuwa ta wani lungu ne da aka huda daga gefen tudun, galibi da zanen kifi ko tafin hannu a bakin ƙofa, wai maganin kambun baka.

[Kiɗa]

To me ya kai su rami? Rana ce. A bakin Sahara suke, inda zafin bazara kan haura digiri 40, sanyin dare a hunturu kuma ya ratsa ƙashi. Ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta saurin sakinsa. Duk wanda ya taɓa barin ɗakin kwano ya shiga soron ƙasa a watan Afrilu ya san zancen.

Sai dai abin da ke maganin rana ba ya maganin ruwa. A 1969 mamakon ruwan sama ya rufta gidaje da dama, iyalai da yawa suka koma Sabuwar Matmata, inda aka yi gidaje irin na zamani.

Ana cikin haka sai ga 'yan fim. A 1976 Ba'amurke George Lucas ya ɗauki wani sashe na fim ɗin Star Wars a otal ɗin Sidi Driss, wanda shi ma rami ne. Fim ya fito a 1977, sunan Matmata ya zaga duniya. Har gobe masu yawon buɗe ido na zuwa su kwana a otal ɗin, su kuma shiga gidajen iyalan da suka rage, a tarbe su da shayi da gurasa da man zaitun da zuma, su ba da ɗan ihsani.

Da wannan ihsanin wasu ke gyaran bango da sabunta farar ƙasa, domin gidan rami in aka daina zama a cikinsa, rugujewa yake yi. Baƙi na ganin abin al'ajabi, masu gida kuwa dabarar kakanninsu ce ta zama da rana lafiya, yanzu ga shi tana taimaka musu da cefane.

  

[Taken rufewa]