Shiri na Musamman: Karatun Halayyar Ɗan Adam da Ayyukan da Yake Samarwa

 Shirinmu na yau na ɗalibai ne da iyayensu, musamman masu shirin cike fom ɗin JAMB.

Da zarar yaro ya ce ilimin halayyar ɗan Adam zai karanta, sai ka ji an ce, "To, me za ka ci da shi?" Wasu ma ɗauka suke yi wani nau'in duba ne. Ko kusa. Kimiyya ce mai gwaji da hujja, tun da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin bincikenta na farko a Leipzig ta ƙasar Jamus a 1879. A Najeriya, jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen a 1964, a Arewa kuma Jami'ar Jos ta daɗe tana yaye ɗalibai a fannin.

Digirin farko shekara 4 ne. Ɗalibi zai koyi yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, da yadda yaro ke girma har ya iya magana, da abin da ke jawo mantuwa da fargaba, da yadda abokai ke sauya wa mutum ɗabi'a. Akwai kuma lissafin ƙididdiga, domin da shi ake auna sakamakon bincike. Mai gudun lissafi ya san da wannan tun da wuri.

Ina aikin yake? Makarantu na buƙatar mai ba ɗalibai shawara. Kamfanoni da bankuna na neman wanda ya iya tantance ma'aikata da horar da su. Ga gidajen gyaran hali, ga cibiyoyin kula da masu shaye-shaye, ga sansanonin 'yan gudun hijira, inda mata da yara da suka ga tashin hankali ke kwana da firgici.

Sai dai iyaye su lura: masanin halayya daban, likitan ƙwaƙwalwa daban. Likita likitanci ya karanta, shi ke rubuta magani. Masanin halayya da gwaji da sauraro da tattaunawa yake aiki, kuma kafin ya zauna da majinyata a asibitoci irin na Barnawa a Kaduna, ko Kware a jihar Sakkwato, ko Maiduguri, sai ya ƙara digiri na biyu da horon asibiti.

A 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Amma doka ba ta aiki sai da ƙwararru. Uwar da 'yan bindiga suka raba da ɗanta ba za ta amayar da abin da ke cinta ba sai ga wanda ke jin harshenta, ya san kunya da kawaicinmu.

Saboda haka, iyaye, idan ɗanku ko 'yarku suka nuna sha'awar wannan karatu, ku ƙarfafa musu gwiwa. Ɗalibai kuma ku shige shi da niyyar zurfafawa, domin al'ummarmu na buƙatarku.