MALAMA A ƘASAR WASU: DAƊIN ABIN DA WUYARSA

A 'yan shekarun nan, ko a gidan biki ko a Islamiyya a nan Unguwar Gano, da wuya in zauna wata yarinya ba ta matso kusa da ni ta rage murya ta ce, "Anti, don Allah yaya ake samun aikin koyarwa a ƙasar waje?" ba. Wata kuɗin take hange, wata kuwa jirgin sama kawai take son hawa. To, ni dai na yi shekara biyu a Gambiya, na yi uku a Jidda, duka a gaban allo. Ku gyara zama.

Da farko ku sani malami ya bar garinsu ya je koyarwa wata ƙasa ba baƙon abu ba ne a Kano, sai dai a da mu ake zo wa. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da aka buɗe makarantar shari'a wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci, malamai aka ɗauko daga Sudan. Da gwamnati ta kawo shirin ilimin firamare kyauta a 1976, yara suka yi yawa malamai suka yi kaɗan, makarantunmu suka cika da Indiyawa da 'yan Pakistan da 'yan Ghana. Ku tambayi iyayenku wa ya koya musu lissafi da kimiyya, za ku ji. Da yawa daga 'yan Ghanan nan a 1983 suka tattara komatsansu, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardun zama. Duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, domin kuwa baƙo, komai daɗewarsa, takarda ce ke riƙe da shi.

Tafiyata ta farko ta hannun gwamnati ce. Akwai shirin da ake kira TAC, wanda aka kafa a 1987 zamanin Janar Babangida, inda Najeriya ke tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya zuwa ƙasashen Afirka da tsibiran Karebiyan da na Fasifik na tsawon shekara biyu. Najeriya ke biyan alawus, ƙasar da aka je ta ba da masauki. Lokacin ina da aure da yara biyu. Kada ku so ku ji surutu! Har gida wata gwaggon maigidana ta tako ta ce masa, "Ka bar matarka ta tafi uwa duniya, kai ka zauna kana raino?" Allah ya saka wa mutumin nan da alheri, bai ce mata komai ba sai "Gwaggo a yi mana addu'a." Innata ta karɓi yaran.

Gambiya ƙaramar ƙasa ce, siririya, kogi ya ratsa ta tsakiya, Senegal kuma ta kewaye ta in ban da ɓangaren teku. Yawancin mutanen Musulmi ne, don haka kiran sallah bai taɓa yanke mini ba. Jarrabawar WAEC ɗin nan da kuke tsoro ita su ma suke yi, saboda haka aikin bai zame mini baƙo ba. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne baki. A aji Turanci, da an tashi sai Mandinka da Wolof da Fulatanci su ɓarke, ni kuwa in yi tsuru. Abinci ma ba laifi. Suna da domoda, wadda kusan miyar gyaɗarmu ce, da benacin, wato dafa-dukarsu ta shinkafa da kifi. Amma ranar da kwaɗayin tuwon masara miyar kuka ya taso mini, wallahi kuka na yi shaɓe-shaɓe kamar yarinya. Sallar farko da na yi a can, na sa sabon leshi na zauna ni kaɗai a ɗaki, ina jiyo muryar ƙaramar 'yata a waya tana tambayar Inna wai wace ce ke magana. Wannan ba ya cikin takardar da aka ba ni na sa hannu.

Jidda kuwa wata duniya ce daban. Can makarantar kuɗi ce, irin wadda ake kira ta ƙasa-da-ƙasa, inda 'ya'yan baƙi ma'aikata ke karatu. A aji ɗaya ga ɗan Masar, ga 'yar Indiya, ga ɗan Sudan, ga 'yar Labanon. Irin waɗannan makarantu ba manhajar ƙasar da suke ciki suka fi bi ba. Wasu na bin ta Ingila, yara su yi jarrabawar Kambirij mai suna IGCSE, wasu ta Amurka, wasu kuma tsarin IB wanda aka kafa a Janeba a 1968. Ni da na saba da yara tamanin a aji a nan Tarauni, rabi a kan benci rabi a ƙasa, sai ga ni da ashirin da 'yan kai, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga kwamfuta, ga allon da ba ya son alli. Na ce to, hutu ya samu.

Ashe da sauran rina a kaba. Bulala dai babu ita, ko tsawa mai ƙarfi kika yi, gobe uwar yaro na ofishin shugaba. Kowane darasi sai kin rubuta shirinsa tun mako guda kafin ranar, a zo a zauna a bayan aji ana kallon yadda kike koyarwa ana rubutawa. Iyaye suna aiko da saƙo har dare, kuma ana sa ran ki amsa. Da fari na ɗauka raini ne. Daga baya na gane wani abu guda: yaron da ba ya tsoron duka, dole ki nemo dabarar da za ta sa ya saurare ki, kuma a nan ne na koyi koyarwa ta gaskiya. Sai dai ban yarda da yadda wasu iyayen ke mai da malama kamar 'yar aikinsu ba don kawai sun biya kuɗi. Tarbiyyar gaida malami da muke da ita a nan, kada mu yarda ta ɓace.

Ga kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Wata rana hira ta kai mu ga maganar albashi da wata abokiyar aikina Baturiya, yarinya ƙarama wadda ban fi shekara goma da fara aiki kafin ta gama sakandare ba. Aji iri ɗaya, awoyi iri ɗaya, amma abin da take ɗauka ya yi wa nawa nisa. Ba takardar digiri ake dubawa ba, fasfo ake dubawa. Ita kanta kunya ta kama ta. Duk da haka, gaskiya ɗaya ce, abin da na tara a shekara ukun nan shi na sayi fili da shi, na kai Innata aikin Hajji. Ga Makka kusa, ranar Juma'a da Asabar da ba aiki sai mu shiga mota mu je Umra mu dawo. Hausawa kuwa ga su nan birjik, waɗanda kakanninsu suka je tun a ƙafa, har kilishi da fura ana samu. A wannan karon da maigida da yara muka tafi, shi ya sa na iya jurewa.

Yanzu ku buɗe kunnuwanku da kyau, don saboda wannan na ɗauki biro. A ƙasashen Larabawan nan, takardar zamanki, wadda a Saudiyya ake kira iƙama, tana rataye ne a wuyan wanda ya ɗauke ki aiki. A 2021 Saudiyya ta sassauta dokar, ma'aikaci na iya canja wurin aiki ko ya fita ƙasar ba sai da yardar ubangidansa ba, amma sassaucin bai haɗa da masu aikatau a gidaje ba. To, a nan 'yan damfara ke cin kasuwarsu. Wani ejan zai zo da zaƙin baki ya ce makaranta ce ke neman malamai, a sayar da gado da kujeru a biya shi, yarinya ta sauka ta tarar bizar aikatau aka yi mata. Na haɗu da irinsu da idona, har da mai takardar NCE, tana wanke-wanke a gidan wani, fasfonta na hannun uwar ɗakinta alhali dokar ƙasar ta hana a riƙe fasfon ma'aikaci. Makarantar kirki ba ta karɓar kuɗi a hannun malama don ta ɗauke ta aiki. Za ta yi miki ganawa da kanta, ta aiko da yarjejeniya a rubuce mai ɗauke da albashi da masauki da kuɗin jirgi da na asibiti, kuma abin da aka rubuta a bizarki ya zama koyarwa ne. In kin ji wani ƙauli da ba'adi, akwai hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, wadda aka kafa a 2003, kuma tana da ofishi a nan Kano.

Ke da ke aji uku ko aji shida yanzu, hanyar ba ta ofishin fasfo na Farm Centre take farawa ba. Ki riƙe lissafi da kimiyya da Turanci gam, domin malamansu aka fi nema ko'ina. Ki yi digiri, a nan Jami'ar Bayero ma ya isa, in ba na ilimi ba ne ki ƙara da difloma ta koyarwa. Ki yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai, don ita ke ba da shaidar cewa ke malama ce ta haƙiƙa; a Fabrairun 2023 ma Ingila ta buɗe wa malaman Najeriya na wasu darussa ƙofar neman shaidar koyarwa ta can. Sannan ki koyar a gida ko da shekara biyu ce ko uku, don babu makarantar da za ta ɗauki wadda ba ta taɓa tsayawa gaban aji ba.

Wanda kuma ya zo zance ya ce yana son ki, tun yanzu ki tambaye shi ra'ayinsa a kan aiki da tafiya, a gaban Yayanki in da hali, kafin a kawo kuɗin gaisuwa.