Kafin Yara Su Hau Dandamali da Sallah

Duk wanda ya taɓa kallon 'yan Koroso na Kano ya san kunne ne ke fara kama kuskure kafin ido. Akayau ɗin da ke ɗaure a ƙafafunsu, in mutum goma sha biyu suka buga ƙasa tare, ƙara ɗaya yake bayarwa. In ɗaya ya makara, har na kujerar baya sai ya ji. Malamin da aka ɗora wa shirya rawar yara don wasan Sallah, a makaranta ko a unguwa, wannan ƙara ɗayar ce abin nemansa.

Rawar dandali daban, ta dandamali daban. A dandali mutane kewaye suke, duk inda mai rawa ya juya akwai mai kallonsa. Dandamali kuwa fuska ɗaya gare shi. Da'irar da muka saba da ita sai ta sa rabin yaran sun ba jama'a baya, don haka a buɗe ta ta koma kamar jinjirin wata, ko a yi sahu biyu, na baya su tsaya a tsakanin kafaɗun na gaba. A sa alli a zana wa kowa gurbinsa a ƙasa, tazarar miƙa hannu tsakanin yaro da yaro. A riƙa sauya sahun kuma, domin uwar da ta ɗinka wa 'yarta kaya ta zo ne ta ga fuskarta.

Sai ƙidaya. Masu koyar da rawa kan yanka kiɗa takwas-takwas. A koyar da taku da tafi da baki tukuna, a hankali, sai ya zauna sannan a kawo ganga. Ni a ganina taku huɗu masu sauƙi da kowa ya iya sun fi goma masu wuya da yara uku kaɗai suka kama. Gwanar cikinsu a ba ta 'yar fita ta tsakiya, amma kada a gina rawar a kanta. Zazzaɓi ba ya sallama, yana iya kwantar da ita ranar wasa.

Makaɗi ma ɗan wasa ne. In mai kalangu bai zo gwaji ba, ranar wasa da ya ga taro hannunsa zai ƙara sauri, yara su rikice. A yi yarjejeniya da shi kan alamar farawa, ta juyi, da ta tsayawa. In kiɗan na'ura ne, a tanadi mai ganga a gefe saboda ɗaukewar wuta.

Ƙaramar Sallah azumi take biyowa, kuma yaro mai azumi ba ya tsalle da rana. A gama koyon takun tun cikin Sha'aban, a bar maimaici zuwa bayan shan ruwa, da izinin iyaye.

Abin da aka fi mantawa shi ne shiga da fita: wa zai fara, ta wace ƙofa, ina za a bi a sauka. A gwada wannan ma, kuma a yi gwajin ƙarshe da cikakkun kaya a kan dandamalin kansa. A nan ne za a gane zanen da ke kwancewa da ɗankwalin da ke zamewa. Malam, ka zo da allura da zare a aljihu ranar.