Daga kwaɗin Moustapha Alassane zuwa layi ɗaya a Blender: yadda ake sa zane kai-komo

A shekarar 1966 marigayi Moustapha Alassane ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren fim ɗin zane mai motsi a kan wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya tafi ziyarar aiki. Mutumin, wanda ya yi zaman shekaru a Tawa kafin rasuwarsa a 2015, yana cikin waɗanda suka fara wannan sana'a a Afirka. A zamaninsa da hannu ake tsara kowane motsi, hoto bayan hoto. Fim na cin hotuna 24 a daƙiƙa ɗaya, wato 1,440 a minti guda.

Yau wannan nauyi ya ragu ƙwarai ga matashin Maraɗi, Damagaram ko Yamai da ke son haɗa tallar shago ko tatsuniya ta yara, muddin ya san yadda zai umarci kwamfuta. Darasin da ya fi dacewa a fara da shi kuwa shi ne kai-komo: lilo, wutsiyar saniya, taɓarya a turmi, duk motsi ne mai maimaita kansa.

Manhajar da ta fi sauƙin samu ita ce Blender. Wani ɗan ƙasar Holan, Ton Roosendaal, ya ƙirƙiro ta, kuma tun 2002 ta zama kyauta bayan masu amfani da ita sun tara Yuro 100,000 don a sake ta ga kowa. Ba kayan wasa ba ce: da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025.

A Blender kowane abu yana da lambobin da ke nuna inda yake tsaye: X da Y na kwance, Z na sama da ƙasa. Idan aka shiga gurbin X aka rubuta #sin(frame/10)*2, abin zai fara tafiya dama, ya dawo hagu, ba tsayawa. Alamar # ce ke shaida wa manhajar cewa wannan umarni ne za ta riƙa lissafawa a kowane hoto. Kalmar frame tana nufin lambar hoton da ake kai, ita kuma sin, wadda ɗaliban lissafi suka sani tun daga sakandare, tana yawo ne tsakanin 1 da -1. Lamba 2 ita ke faɗin nisa: mita biyu kowane gefe. Lamba 10 ita ke riƙe da sauri. Da ita, zuwa da dawowa na cin hotuna kusan 63, daƙiƙa biyu da rabi da ɗan ɗori. In an mayar da ita 5, saurin zai ninka.

Amfanin sin shi ne tana rage gudu idan abu ya kusa ƙarshen tafiyarsa, ta ƙara a tsakiya, kamar dai yaro a kan lilo. Shi ya sa ido ke yarda da motsin. Amma ba kowane abu ke tafiya haka ba. Taɓarya takan ɗan jinkirta a sama, ta faɗo da ƙarfi, ta juya nan take. Don haka mai zana mace tana daka sai ya koma gurbin Z ya rubuta #abs(sin(frame/5)). Kalmar abs tana hana lambar sauka ƙasa da sifili, sai taɓaryar ta riƙa dukan gindin turmi tana tashi.

Inda sababbin shiga suka fi tuntuɓe shi ne bidiyon da ake so ya riƙa juyawa a TikTok ko WhatsApp. Idan tsawon bidiyon bai zo daidai da tsawon kai-komon ba, abin zai yi tsalle a duk lokacin da aka koma farko. Maganinsa lissafi ne: ga bidiyo mai hotuna 48, a rubuta #sin(frame*2*pi/48), sai ƙarshe ya haɗu da farko ba a ga mahaɗi.

Wannan ɗan ilimi yana da tasiri a aljihu. A garuruwan da wuta ke yawan ɗaukewa, duk awar da aka rage a gaban kwamfuta riba ce. In mai shago ya ce alamar tallarsa ta cika sauri, lamba ɗaya za a canza, ba sai an sake aikin daga farko ba. Ɗan ci-rani da ke Agadas, Kano ko Faransa kuma zai iya turo wa ƙanensa layin ta saƙon waya, ya gwada a take.

Sai dai lissafi ba ya ba da labari. Abin da ya sa har yau ake kallon kwaɗin Alassane shi ne yadda ya yi amfani da su ya yi wa masu mulki ba'a. Kwamfuta za ta ɗaga taɓarya sau dubu ba ta gaji ba, amma mai zanen ne zai yanke ko wace ce ke dakan, da abin da za ta faɗa wa masu kallo da Hausa.