Ƙananan Ma'aikatan Gonar Riɗi: Yadda Ake Ɗaukar Hotonsu Daga Kusa



Da za a ce kowa a ajinmu ya zana ƙudan zuma, abu ɗaya duk za mu zana: wannan mai ratsin baƙi da ruwan ɗorawa, wanda ake ɗaura wa amya a kan bishiya, ya ba mu zuma, ya kuma harbi wanda ya tsokane shi. Mu ma a Kulob ɗin 'Yan Jarida iyakar saninmu ke nan, har ranar da muka bi malaminmu na Bayoloji zuwa wata gonar riɗi a bayan gari, muka ɗauki hotuna da wayarsa. Da muka dawo muka ƙara girman hotunan, sai ga halittu iri-iri a kan furen riɗi. Wani baƙi ne ƙato, wani ciki ya yi masa fari da gari, wani kuwa ƙanƙane ne har muka ɗauka ƙuda ne. Malam ya ce mana dukkansu dangin ƙudan zuma ne. Abin da muka koya daga wannan fita muka kawo muku a wannan fitowa.

Ƙudan zuma ba iri ɗaya ba ne

Masana sun ƙididdige nau'in ƙudan zuma kimanin 20,000 a duniya, fiye da 2,500 daga cikinsu a Afirka kudu da Sahara. Masu yin zumar da ake sha kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawa ba su da sarauniya, ba su da runduna, ba su kuma tara zuma. Mace ɗaya ce ke haƙa raminta a ƙasa ko a cikin busasshen kara, ta tara garin fure, ta yi ƙwai a kai, ta toshe ƙofa.

Ga huɗu da za ku iya gani a gonakinmu da gidajenmu. Na farko shi ne na amya, wanda kowa ya sani. Na biyu shi ne baƙin nan ƙato mai ƙugi, wanda ke huda sandunan rumfa da na rumbu ya yi ɗaki a ciki; masana suna kiran danginsa Xylocopa. Na uku shi ne mai yankan ganye, wato Megachile. Idan kun taɓa ganin ganye an gutsure gefensa a zagaye kamar da almakashi, to aikinsa ne, da guntayen yake shimfiɗa wa 'ya'yansa ɗaki. Shi a ƙarƙashin ciki yake ɗaukar garin fure, na amya kuwa a ƙafafun baya. Ta huɗu ita ce galla, 'yar ƙaramar nan da ba ta harbi, mai shiga kogon itace ko tsagar bango, mai yin zuma kaɗan.

Me ya shafe mu da su?

Fure ba ya zama ɗa sai garin namiji ya isa sashen mace. Wannan shi ake kira barbara. Gero da dawa iska ce ke yi musu wannan aiki. Kankana da kabewa kuwa furen namiji daban, na mace daban, dole sai ƙwaro ya ɗauko gari daga wannan ya kai wancan. Riɗi yana iya yi wa kansa barbara, amma ya fi albarka idan ƙudajen zuma sun ziyarce shi.

An gwada wannan a Burkina Faso, ƙasar da yanayinta ya yi kama da namu. A binciken da mujallar Scientific Reports ta buga a 2017, an rufe wasu furanni don kada ƙwari su kai gare su, aka bar wasu a buɗe. Inda aka hana ƙwarin, amfanin riɗi ya ragu da kimanin kashi 59 cikin 100, na auduga kuma da kashi 37. Wani rahoto na duniya da aka fitar a 2016 ya nuna cewa kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gona da ake ci suna amfana da barbarar ƙwari da sauran halittu.

To, ku tuna buhunan riɗin da ake lodawa zuwa kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis, da waɗanda ake tarawa a Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar. Da kuɗin riɗin nan ake saya wa da yawa daga cikinmu littattafai da kayan makaranta, a biya kuɗin jarrabawa. Ashe a cikin kowane buhu akwai gumin ma'aikatan da ba a biyan su ko sisi, ba a ma san sunansu ba. Wanda bai san abu ba kuwa, ba ya jin komai idan ya fesa masa magani. Amfanin hoto ke nan: yana tsayar da ƙwaron da ba ya zama wuri ɗaya, ya ƙara masa girma har ido ya gane shi.

Me ya sa hoton kusa yake da wuya?

Hotunanmu na farko kusan duk sun fito dishi-dishi. Dalilai uku ne suka jawo haka.

Na ɗaya, kowace kyamara tana da iyakar kusancin da za ta iya saita abu. Yawancin wayoyi idan aka matsa ƙasa da santimita 8 zuwa 10, hoton ba ya fitowa tar. Wasu wayoyin suna da sashe na musamman na ɗaukar ƙananan abubuwa, wanda akan nuna da alamar fure, shi yana bari a matsa har kusan santimita 3 ko 4.

Na biyu, gwargwadon matsowarka, gwargwadon ƙanƙancewar wurin da zai fito sarai. Idan ka ɗauki hoton ɗalibai a filin taro, na gaba da na baya duk za su fito. Amma a kan ƙwaro, abin da zai fito tar bai wuce kaurin milimita ɗaya ko biyu ba. Shi ya sa za ka ga kai ya fito, ciki ya ɓace.

Na uku, kyamarar da ke ƙara girman ƙwaro tana ƙara girman motsi ma. Ɗan rawar hannu, ko iskar da ta kaɗa fure, ya isa ya ɓata hoto.

Ƙwararru suna magance matsala ta biyu da wata dabara. Sukan ɗauki hotuna da yawa na ƙwaro ɗaya, kowanne an saita shi a kan wani sashe na jiki, sannan kwamfuta ta tsinto wuraren da suka fito sarai ta haɗe su hoto guda. Sam Droege, wani masani a hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ya shahara da irin waɗannan hotuna na ƙudajen zuma, kuma an saka su a intanet kyauta don kowa ya amfana. Levon Biss na Ingila, wanda aka baje kolin aikinsa a gidan tarihin halittu na Jami'ar Oxford a 2016, yakan haɗa hotuna kimanin 8,000 kafin ya fitar da hoton ƙwaro ɗaya. Sai dai su matattun ƙwari na ɗakin bincike suke ɗauka. Mu rayayyu muke so, a kan furensu, suna cikin aikinsu.

Yadda za ku yi da waya

1. Ku goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi. Ƙura da maiƙon yatsa suna dusashe hoto, balle a lokacin hunturu.

2. Ku fita da sassafe. A lokacin furen riɗi ya buɗe, iska ba ta taso ba, sanyi bai gama sakin ƙwarin ba, hasken rana kuma yana da laushi. Ranar tsaka tana sa jikin ƙwaro ƙyalli, ta kuma jefa baƙar inuwa.

3. Kada ku bi ƙwaro da gudu. Ku zaɓi furen da ake yawan ziyarta, ku tsuguna, ku saita kyamara a kansa, ku jira. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

4. Kada inuwarku ta faɗa kan furen, domin ita ce ke fara korar su.

5. Ku dafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa ko a ƙasa, ku riƙe waya da hannu biyu. Ku taɓa fuskar wayar daidai kan idon ƙwaron don ta saita a nan. In ido ya fito, hoto ya yi.

6. Ku sa wayar ta fuskanci gefen ƙwaron sosai, yadda kai da ciki za su kasance nisa ɗaya da kyamara. Ta haka mafi yawan jikin zai fito.

7. Kada ku jawo hoto da yatsu fiye da kima, yana farfashewa. Gara ku ɗauka daga inda ya fito tar, daga baya ku yanke gefe.

8. Ku ɗauki da yawa a jere, ko ku ɗauki bidiyo ku ciro wurin da ya fi kyau. Samun hoto ɗaya mai kyau cikin ashirin ba abin kunya ba ne.

9. Idan ana son ƙarin girma, a ɗora gilashin ƙara girma na ɗakin gwaje-gwaje a bakin kyamara, da izinin malam. Farar takarda kuma, idan abokin tafiya ya riƙe ta a ɓangaren inuwa, tana mayar da haske kan ƙwaron.

Ƙuda ne, rina ce, ko ƙudan zuma?

Idan hoto ya fito, ga abin da za a duba. Ƙudan zuma yana da fukafukai huɗu, da dogayen ƙahonni biyu a ka, da gashi a jiki, sau da yawa kuma da garin fure a ƙafa ko a ciki. Ƙuda fukafukansa biyu ne, ƙahonninsa gajeru, idanunsa manya sun kusa cinye kan. Akwai ƙudajen da suka ari launin ƙudan zuma don tsuntsaye su ji tsoronsu, alhali ba su da ƙari. Su ma suna taimakawa wajen barbara. Rina da zanzaro kuwa ƙugunsu siriri ne, jikinsu sumul. Ko su ba abin kashewa ba ne haka kawai, domin suna farautar tsutsotsi da wasu ƙwari su kai wa 'ya'yansu.

Hoto ya zama hujja

Hoto mai kyau da ba a san inda aka ɗauke shi ba, ado ne kawai. Don ya zama ilimi, a rubuta abu huɗu: kwanan wata, lokaci, wuri, da sunan tsiron da aka ga ƙwaron a kai. In da hali a ɗauka ta sama, ta gefe, da ta fuska, a kuma ajiye rula kusa da furen don a san girma. Akwai manhajar iNaturalist, wadda aka fara a 2008, inda mutum zai saka hoto masana daga ƙasashe daban-daban su taimaka wajen gano sunan halittar. Bayanan ƙwarin Afirka ta Yamma da ke cikin irin waɗannan rumbuna kaɗan ne idan aka kwatanta da na Turai da Amurka. Saboda haka hoton da ɗalibin Ɗanzomo ya ɗauka a gonar mahaifinsa yana iya cike gurbin da ba wanda ya cike.

Hattara

Dokar makaranta kan waya tana nan daram, don haka wannan aiki da wayar malam ake yin sa, ko ta gida a lokacin hutu da izinin iyaye. A nemi izinin mai gona kafin a shiga, kada a tattake shuka. A sa takalmi saboda kunama da maciji. Kada a kusanci amya ko kogon da zuma ta zauna, domin ƙudan zumanmu na Afirka yana da zafin kare gidansa, ko da yake wanda ke kan fure ba ruwansa da kowa in ba a taɓa shi ba. A guji turare mai ƙarfi. Wanda aka harba ya kankare ƙarin da farce nan take. Idan fuska ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba. Kada kuma a kashe ƙwaro ko a tsare shi a kwalba don kawai a samu hoto.

Saƙon da za mu kai gida

Duk wanda ya samu hoto mai kyau, ya fara nuna wa mahaifinsa ko yayansa da ke noma. Ya roƙe su, idan feshi ya zama dole, musamman a gonar wake, a yi shi da yamma lokacin da zirga-zirgar ƙudajen zuma ta ragu, a kuma bi umarnin da ke jikin kwalba. A bar musu ɗan ciyayi masu fure a bakin gona, da bishiyoyi irin su dakwara da magarya, don su samu abinci bayan an girbe amfani. Wannan halitta dai ita ce aka sanya wa sura ta 16 a cikin Alƙur'ani Mai Girma sunanta, wato Suratun Nahl.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 20 ga Mayu na kowace shekara a matsayin Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya, an kuma fara bikinta a 2018. Muna so kafin ranar ta zagayo mu cika gefe guda na wannan allo da hotunan ƙwarin garinmu. Ku miƙa naku ga kowane ɗan kulob, tare da bayanan nan huɗu da sunanku da ajinku. Wanda kuma ya ji wani suna na Hausa da kakanni ke kiran ɗaya daga cikin ƙwarin nan, ya rubuto mana, za mu liƙa shi a ƙarƙashin hoton.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ƙara mana ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Kulob ɗin 'Yan Jarida