Bakaniken Babur a Ƙasar Rairayi

Daga Gantsa, hedikwatar ƙaramar hukumar Buji, mutum ba ya yin nisa kafin kwalta ta sallame shi. Abin da ya rage sai burji, sai turɓaya, sai hanyar da amalanken shanu ta tona. A nan babur ne motar haya, shi ne mai kai buhun riɗi da gero kasuwa, shi ne kuma mai ɗaukar mara lafiya cikin dare. Duk wannan ya rataya a wuyan mutum guda da ba a cika yabonsa ba, wato bakaniken da ke zaune a rumfa da sifana a hannu.

A wasu ƙasashe hawan babur cikin rairayi wasa ne na masu hali. Gasar da aka fara daga Faris zuwa Dakar a ƙarshen 1978 ta ratsa Agadas da Yamai, kuma Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan Yamaha XT500. Tun 2020 a Saudiyya ake yin ta. Waɗancan babura an ƙera su ne domin daji. Ɗan acaɓar Buji kuwa da Bajaj Boxer ɗan Indiya ko Jincheng ɗan Sin yake shiga irin wannan hanya kullum, ga goyon mutum biyu, ga kaya a baya. Ni a ganina gwanintarsa ba ta gaza tasu ba.

Tuƙi cikin rairayi yana da ƙa'ida. Gwani yakan rage wa taya iska kaɗan don ta baje, ya ja jiki baya, ya riƙe giya ta biyu, ya bar mai yana tafiya daidai. Ba ya ƙanƙame kan babur, ba ya damƙar birkin gaba, domin da zarar tayar gaba ta nutse sai faɗuwa. Idan kuma ya zarce wajen rage iska, ƙarfen taya ya ciji tub, sai neman mai faci.

Amma a rumfar bakanike ake ganin ainihin ɓarnar rairayi. Ɗauki sarƙa. Masu babur da yawa sukan kwarara mata tsohon baƙin mai, suna ganin gata suka yi mata. Man nan sai ya kama yashi, su haɗu su riƙa cin ƙarfe kamar dutsen niƙa, har haƙoran da sarƙar ke hawa su fiƙe. Bakaniken kirki yakan wanke ta da kananzir, ya bari ta tsane, ya ɗiga mata mai kaɗan, ya goge saura. In ta ƙare, zai ce a sauya ta tare da haƙoran gaba da na baya, don sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa. A nan ake yawan jayayya. Mai babur ya ce: "Malam, a dai lallaɓa, kasuwa ba daɗi." Shi kuma ya amsa: "Alhaji, araha ba ta ado, gobe za ka dawo."

Soson da ke tace iska shi ne na biyu, kuma shi aka fi mantawa da shi. Da hunturu, ƙura takan toshe shi, babur ya riƙa shan mai yana rasa ƙarfi. Wasu sai su cire shi gaba ɗaya. Daga nan ƙura ta shige inji kai tsaye, ta cinye ringi da fistin, salansa ta fara hayaƙi, aikin da wankin soso zai tare ya koma sauke inji. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, kowa so yake a matse masa kabireta don ta rage sha. Wanda ya san aiki yakan ja kunne cewa matsewa fiye da kima tana sa inji zafi, ya kuma nuna launin filogi a matsayin shaida.

Damina kuma da nata. Idan babur ya mutu a tsakiyar ruwa, ba a sake buga shi. A turo shi waje, a kwance filogi, a fitar da ruwan, a duba baƙin mai. In ya yi fari-fari, a zubar.

Yaro mai koyon aikin bakanike yakan fara da wanke ƙarafa da miƙa sifana, ya yi shekaru kafin ubangidansa ya bar shi ya buɗe inji. Abin da ya fi wuyar koyo shi ne sauraro, yadda maigidan zai gane ciwon babur daga ƙararsa tun mai shi bai sauka ba. Kayan gyara kuwa sai an je Birnin Kudu ko Dutse, manya-manya har Kano, kuma jabu ya yi yawa, shi ya sa ake aiken yaron da tsohon ƙarfen a aljihu don ya gwada kafin ya biya.